Motar Mutumin Fatakwal

Zurmi,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Nuruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Sadiya da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa. Mu nan mun gode Allah. An yanke gero, wake ma bai ba mu kunya ba, ko da yake gonar nesa ba mu taka ta ba bana, ka san dalili. Goggo Tani tana nan da ƙarfinta da faɗanta. Inna kuma tana gida yanzu da sauƙi, amma ta kwana uku a asibiti a Kaura, kuma dalilin wannan kwanciya ne ya sa na ɗauki biro.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali jiya ma mun yi waya. To ai wayar ce matsalata. Duk ranar da ka tambaye ni ya mota, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce lafiya lau. Shekara uku ke nan ina ba ka wannan amsa, tun ranar da ka aiko da jif ɗin nan don a riƙa kai Inna ganin likitan zuciya a Gusau. Ni ƙaninka ne, ban san yadda zan buɗe baki in kushe abin da ka yi wa mahaifiyarmu da guminka ba. Yau na zaɓi takarda, don ita ba ta jin nauyin kowa.

Ba zan ci amanar motar ba, ta yi mana aiki. Jikinta ƙarfe ne na gaske, kuma da damina takan bi hanyar Gurbin Ɓore ta wuce ƙananan motoci suna kuka a cikin laka. Amma Yaya, ta kusa shekara ashirin a duniya kafin ta zo hannunmu, kuma tsufa bai bar ta ba. Tun shekarar farko take shan baƙin mai. Idan ta yi zafi giya takan yi jinkirin shiga, sai ka ji inji yana ihu ita kuma tana tunani. Ƙafar gaba tana ƙara a kowane rami, gilasan baya sun daina sauka, kayan gyaranta kuwa ba a samun su a Kaura, sai an aika Gusau ko Kano, abin da za a kawo ma tsoho ne da aka ciro daga wata. Akwai wata wutar gargaɗi da ta dame ni da haske a gaban sitiyari, na sa aka liƙe ta da baƙin salatif don kada Inna ta gani ta tambaya. Wannan wautata ce, ba ta motar ba.

Babban ciwonta shi ne zafi. Kullum da jarka biyu nake tafiya, na ruwan rijiyarmu. Sufyanu, bakaniken da ke duba mana ita a Kaura, ya nuna mini yadda ruwan nan ya bar farin gishiri ya toshe lagireto. Ya ce injinta ba irin na ƙananan motocin haya ba ne da ke haƙuri da komai, in ya tafasa sau ɗaya da kyau to sai an buɗe shi. Ya ce in ajiye ta har a samo wani lagireton. Na ce masa to, na kuma ci gaba da hawa, domin ajiye ta yana nufin in kira ka in faɗi abin da na ɓoye.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Kai ne ɗan fari, ka san tsakaninka da Inna. Tun da aka yaye ka aka miƙa wa Goggo Tani, Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta tambayar lafiyarka a gaban mutane, in ka kira ta ba ta wuce kalma uku ta miƙo mini wayar. Mutumin Fatakwal take ce maka. Amma da ka ga yadda take shiga motar nan, da ka gane abin da bakinta ya hana ka ji. Takan sa mayafinta mai kyau, ta zauna a baya ta miƙe wuya, in mun zo wucewa ta kasuwa ta ce in rage gudu wai jiri take ji. Ba jiri ba ne, so take a gan ta a motar ɗanta. Na taɓa cewa mu bi motar haya ranar da giya ta yi gardama, ta ce ita ba ta da lafiyar cunkoso, a bar tafiyar sai an gyara. Ni na kasa raba ta da abin da shi kaɗai al'ada ta bar mata.

Ranar Alhamis ta makon jiya muka tashi da hantsi, ni da Inna, za mu Gusau ganin likita. Mun yi nisa tsakanin Zurmi da Kaura, a daidai dajin nan da kowa ke wucewa da addu'a, sai allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe gaban mota, inji ya mutu. Na jira ta huce na juye jarka biyun, ruwan ya bi ƙasa. Tsoro ya rufe mini ido, na ɗauki gorar ruwan shan Inna ita ma na juye a ciki, ina ganin ko za ta kai mu gari. Motar ba ta ko motsa ba. Waya babu sabis. Motoci suka yi ta wucewa, ina ɗaga hannu, babu wanda ya rage gudu, kuma ban ga laifinsu ba, domin a wannan hanya yanzu mota tsaye ba abin tsayawa ba ce.

Mun fi awa biyu a wurin. Na buɗe ƙofofi duka, amma rana ta mayar da motar kamar tanda. Numfashin Inna ya fara sama-sama, leɓunanta suka bushe, ta nemi ruwa, ni kuwa na riga na ba mota. Ban taɓa ƙin kaina kamar wannan lokaci ba. Na kwantar da ita a kujerar baya ina yi mata fifita da hulata. Can sai ta kama hannuna ta riƙe gam, idonta a rufe, ta ɗauka kai ne. Yaya, ta kira sunanka. Nuruddeen, sau biyu, a fili, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ta ce ka yi ƙoƙari, ta ce ta yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka. Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma na tabbata ta faɗe shi ne don ta ɗauka ba za ta kai yamma ba. Na amsa mata a madadinka, na ce amin.

Allah Ya kawo wani mai babur da ya yi ta maza ya tsaya. Muka sa Inna a tsakiya, ina rungume da ita ta baya har Kaura. Da ta farfaɗo ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Abin da ta fara cewa shi ne kada a gaya wa mutumin Fatakwal, zai ji ba daɗi. Na saɓa mata a wannan, Allah Ya yafe mini.

Ga inda muke. Motar tana garejin Sufyanu, ya ce inji ya ƙone. Ya ce zai iya tayar da ita, amma ko ya tayar, shi ba zai sa tasa uwar a ciki ya bi wannan hanya ba. Likita ya sake ba mu Alhamis ta sama, kuma ya ja kunnena cewa kada a ƙara tsallake rana, ƙafafunta sun kumbura. Inna kuwa ta kafe, ta ce sai an gyara motar za ta tafi. Na yi magana, Goggo ta yi faɗa, ta juya mana baya.

Ba wata motar nake roƙo ba. Kamaluddeen maƙwabcinmu yana da mota mai lafiya, ya yarda ya kai mu. Abin da nake so, ka kira Goggo Tani ka ce kai ne ka ɗauko Kamaluddeen, kai ka aiko shi, kuma ba ka yarda Inna ta shiga wata motar ba sai tasa. In daga wurinka ya fito za ta shiga ta miƙe wuya. In kuwa za ka samu hutu ko na kwana uku ne, ka zo ka zauna a kujerar gaba. Ba za ta kalle ka ba, ka sani, amma ka zo.

Ka yafe mini shekara ukun nan. Ka gaida Yaya Sadiya, da Mubaraka, da Hassan. Matata Kulsumu da yara suna gaishe ku, Goggo Tani ta ce a ce maka ka rage rowar zuwa gida. Inna ba ta ce a gaishe ka ba. Ta dai leƙo sau biyu tana tambaya ko ruwan sama yana damun mutane a Fatakwal.

Ni ne ƙaninka,
Sha'aibu.