Ni na zuba ruwan rini a kwata, amma Baba mai kifi za a kora

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi, Allah ya ƙara rufa mana asiri baki ɗaya. Don girman Allah ki ɓoye sunana, ku kuma masu sharhi ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Na san na cancanci zagin, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake nemanta.

Ni matar aure ce, a Abuja muke, wajen Kado, a wata unguwa da kwatarta ke gangarawa kai tsaye cikin tafki. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren kula da muhalli, kuma ba a ofis yake barin aikin ba, har gida yake kawo mana shi. A gidanmu ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Alwala a cikin roba ake yi a ba shuka, ruwan ɗaurayar wanki na banɗaki ne, har wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki akwai bokitinsa. In yaro ya bar famfo a buɗe yana goge baki, ranar sai ya sha wa'azi. Maƙwabta har tsokanata suke yi, wai matar mai ma'ajin ruwa. Ni ma na saba, har ina alfahari da abin, domin in famfo ya ɗauke kowa na bin mai ruwa da ido, mu muna zaune lafiya.

To ni ina da sana'ar rini, a gidanmu na koya tun ina budurwa. Shadda nake rinawa, shuɗi mai duhun nan da matan ofis ke so. Da muka dawo wannan gidan Abban yara ya zaunar da ni ya ce, "Maman Hanifa, soda da sauran kemikal ɗin nan ba abin wasa ba ne, kwatar nan tafki take shiga. Ko ki riƙa aikawa Kano a rina miki, ko ki haƙura." Na ce to. Wallahi da bakina na ce to. Na aika sau ɗaya, aka dawo min da kala kamar an jiƙa da ruwan bula, kwastoma ta yi min tatas a waya. Daga nan na koma yi da kaina a lungun bayan kicin in ya tafi aiki, shi kuma yana ganin kaya a ninke yana zaton daga Kano suke. Ban taɓa ce masa daga Kano suke ba, ban kuma taɓa ce masa ba daga can suke ba. Haka na riƙa lallashin zuciyata.

Ruwan rinin ban taɓa zubarwa ba, abin da ya ja min ke nan. Ina tsoron ya ga kala a kwata, ga kuma tarbiyyar da ya yi mana ta tattali. Sai nake tarawa a durom, in ɗauraye wani kayan da shi, in sake tarawa, in sake amfani da shi, ina jin kaina wata mai dabara. Duk tsawon rani haka na yi. Ruwan ya yi kauri ya yi baƙi, in ka buɗe murfin warin har ƙwaƙwalwa, ɗigo ɗaya ya taɓa huda min safar hannu. Durom ɗin suka cika, na rasa inda zan kai su. Wa zan kira ya ɗauka ba tare da maigadi ya gani ya faɗa wa Oga ba?

Ranar Asabar ta makon jiya da la'asar sai ga hadari ya haɗo, na farkon damina, gari ya yi baƙi ƙirin. Abban yara yana wajen ɗaurin aure. Kun dai san yadda muke yi, kar wanda ya ce bai sani ba: ruwa na saukowa kowa ya fito da shararsa ya tura kwata, ruwa ya tafi da ita. Tun ina yarinya haka na ga ana yi. Na ce a raina, yau Allah ya kawo min mafita, ruwan nan zai sirka shi ya wuce ba wanda zai sani. Ana fara zubowa na ɗaura zani na tuntsurar da su duka, ɗaya bayan ɗaya. Anti, ban gama wanke na ƙarshen ba ruwan ya ɗauke cak! Iska ce ta kwashe hadarin, ko ƙasa bai gama jiƙawa ba. Na tsaya ina kallon abin nan yana bin kwata a hankali, shi kaɗai, baƙi wuluk, ya nufi gangare. Na kwarara abin da ke tankinmu a bakin ƙofa don ya goge shaida, ni da ba na yarda a zubar da kofi ɗaya.

Akwai wani dattijo masunci, bari in kira shi Baba Isuhu, ba sunansa ba ne. Mutumin Yawuri ne, shi ke kawo mana kifi tun muna baƙi a unguwar. A daidai inda kwatarmu ke faɗawa tafki yake ɗaure kwalekwalensa, saboda akwai inuwa, nan kuma yake killace kifin da ya kama da raga cikin ruwa don ya kai kasuwa da rai. Washegari da safe aka tarar da kifinsa duk sun juya ciki sama, har da na kewayen wurin, tarwaɗa da karfasa birjik a bakin ruwa. Sauran masunta suka ce guba ya zuba don ya kama da yawa, abin ya fi ƙarfinsa. Dama a wajensu ba laifin da ya kai wannan. Shugabansu ya sa aka janye kwalekwalen aka ɗaure da sarƙa, aka ce bayan sallar Juma'a za a zauna, in bai kawo abin da zai wanke shi ba za a fasa jirgin, ya bar tafkin har abada. Mutumin da ba shi da wata sana'a, ga iyali a Jikwoyi, ga tsufa. Ina zai je?

Labarin a kan tabarmar cin abinci na ji shi, daga bakin mijina. Ya ce ofishinsu sun ɗebi ruwan za a auna, amma sakamako ba zai fito nan kusa ba. Ya ture kwano ya ce, "Duk wanda ya yi wannan, Maman Hanifa, ba shi da imani. Mutane na wanka a wurin nan, shanu na sha." Na ce, "Allah ya kyauta." Ni ce fa na ce Allah ya kyauta!

Jiya da hantsi aka yi sallama, na leƙa sai ga Baba Isuhu, ya rame ya yi zuru-zuru, da leda a hannu. Ya durƙusa, ni da ya haife ni. Na ce, "Haba Baba, tashi don Allah." Ya ce, "Hajiya, wajen Oga na zo. Ni ban yi boko ba, amma tun ina yaro nake cikin ruwa, guba ba ta rina raga. Duba nan." Ya buɗe ledar. Guntun ragarsa ce, fara ce da, yanzu ta koma shuɗi mai duhu. Kalata ce, Anti. Ko cikin kala dubu zan gane ta, ni na haɗa ta da hannuna. Ya ce ya nuna wa 'yan'uwansa sun ce shi ya shafa, amma in mutum irin Oga ya duba ya yi magana za su ji. Na ce Oga ba ya nan. Ya ce, "To ki ajiye masa, na ba ki amana, ba ni da wata sai ita."

Kafin ya tafi ya roƙi ruwan wanke hannu. Na miƙa masa buta, sai na ga ya jawo robar shuka da kansa ya wanke a ciki don kar ya zube a ƙasa. Ya yi murmushi ya ce, "Na san dokar gidan nan. Da kowa irinku ne, Hajiya, da tafkin nan bai lalace ba." Na shige ciki na toshe bakina da mayafi don kar ya ji kukana.

Ledar tana cikin sito, ƙarƙashin buhun shinkafa. Abban yara ya dawo jiya ya tambaye ni ko wani ya zo, na ce babu kowa. In na ba shi ragar nan, kallo ɗaya zai yi mata ya gane, shi da yake ganin wannan shuɗin a ninke a ɗakina kullum. Mutum ne da zai yafe komai ban da ƙarya, kuma da wane ido zai kalli abokan aikinsa in aka ce daga gidansa abin ya fito? Aikinsa, aurena, yarana, duk ina gani. In kuma na yi shiru za a fasa jirgin bawan Allah da bai ci ba bai sha ba, alhali abin da zai wanke shi yana ƙarƙashin shinkafata. Na yi tunanin in ba Baba abin da zai sayi wani jirgin a ɓoye, to sunansa fa? Wa zai sake sayen kifin wanda aka ce yana zuba guba? Ina sallah ina rasa raka'a ta nawa nake, ina alwala ina jin kunyar ruwan.

Yau Laraba. Ɗazu Baba Isuhu ya kira wayata, ban ɗauka ba, ya sake kira na ɗauka. Bai ce komai ba sai, "Hajiya, Oga ya gani?" Na ce masa yana dubawa.

Jama'a, don Allah, me zan yi?