Kujerar da Mami Ta Hana Kowa Zama

Arecibo, cikin watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Efraín,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan bakin teku zuwa can ƙasar ƙanƙara, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yadira da 'yarku Idalis. Allah ya tsare ku daga sanyin Ohio, ya sa albarka a aikin hannunka, ya raba ka da ciwo. Mu ma nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa ya yi yawa bana, har bangon ɗakin girkina ya fara tsattsafo. Mijina Ramiro ya samu sauƙin bayan nan nasa, ya koma kamun kifi, ko da yake abin da yake kamowa ko mage ba ya ƙosarwa. Yaya Zoraida da mijinta Osvaldo sun zo daga Orlando da yaransu, sun kwana biyu sun koma. Mami tana ci, tana barci, bakinta kuma yana nan da kaifinsa yadda ka san shi.

Na zaɓi in rubuta maka da hannu ne domin na san halinka. In na kira ka a waya, da ka ji na doshi maganar zuwa gida sai ka ce ana kiranka a wurin aiki. Takarda ba ta da wurin kashewa, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta.

Idon Mami ne. Likita ya gaya mana a fili cewa ganin yana tafiya, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu tana gane mutum da tsayinsa da muryarsa, fuska kuwa sai ta matso dab. Ni ina wuni a wurin aiki, gidana kuma ka san matakalarsa. Mun zauna da Zoraida mun yanke shawara cewa da an gama bikin Sarakuna Uku, na bayan Kirsimeti, a watan Janairu, za ta dawo ta tafi da ita Orlando, ta zauna a wurinta gaba ɗaya. Da muka gaya mata ba ta yi gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Abu ɗaya ta roƙa, wai a kai ta gidanmu na kan dutse a Utuado ta gan shi tun da sauran ido a kanta.

Muka ce wannan ai mai sauƙi ne, a ɗauki motata da ta Kawu Anselmo, ƙaninta, da wadda su Zoraida suka kama a filin jirgi. Nan take ta ce ba ta san wannan zance ba. Wai tun da take, iyalin Genaro, wato Papi, ba su taɓa hawa dutsen nan a rarrabe ba kamar masu bin gawa. Mota ɗaya, kowa a ciki, gwiwa na gugar gwiwa, yadda Papi yake loda mu a bas ɗinsa ta fasinja ranar Lahadi. In ba haka ba, a bar ta ta makance a Arecibo. Zoraida ta ce mata, Mami, zamanin nan wa yake wannan wahala? Ta ce mai tambayar ma a cikin wannan wahalar aka yaye ta, kuma ga shi ta yi ƙiba.

Haka muka je wurin masu ba da hayar motoci, ni da Osvaldo, muka kama doguwar bas fara mai cin mutum goma sha biyar har da direba. Mu goma sha huɗu ne, da yara da jikoki. Osvaldo ya zagaya ta yana buga tayoyi da ƙafa, yana cewa shi da ya tuƙa manyan motoci a titunan Florida, wannan ai abin wasan yara ne. Ka san a can aka haife shi, dutsen da ya sani bai wuce gadar sama ba. Ni kuwa da na buɗe ƙofar nan mai ja, ta yi ƙarar nan ta zamewa, sai da na dafa jikin motar. Na ga Papi da tsumma a kafaɗa, na gan ka kana ɗan yaro a tsaye kan bokiti kana goge madubi.

Ranar tafiya muka yi lodi da safe. Tukunyar shinkafa da wake, gasassun kaji, soyayyar ayaba, kujerun naɗewa, da garmahon Kawu Anselmo, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, da babu wanda ya roƙe shi ya kawo. Yara suka bi layi suna neman albarkar Mami kafin su shiga, tana dafa kan kowa tana cewa Allah ya yi albarka. Ta zauna a bayan direba, wurinta na tun fil azal. Kujerar gaba, ta gefen direba, ita ce ta rage. Kawu ya ɗaga ƙafa zai hau, wai gwiwoyinsa ba sa son matsi. Mami ta ce ya sauko da ƙafar nan tun kafin ta sauko masa da ita, kujerar tana da mai ita. Ya kira ta da sunanta ya ce, Monse, mai ita yana can yana shebur ɗin ƙanƙara, ni kuwa ga ni da raina. Ta ce ko a Sin yake, kujerarsa ce. Zoraida ta so ta ɗora tukunyar shinkafa a wurin, ita ma aka hana. A kan cinyata tukunyar nan ta yi tafiyar, kujerarka kuma ta tafi babu kowa.

Ba zan ɓoye maka ba, da muka bar babban titi muka fara hawa, daɗi ya kama ni har na manta da abin da ya kawo mu. Iska ta sauya, ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen ayaba. Muka tsaya a rumfar nan ta bakin gada muka sayi ƙosan kifi mai gishiri, mansa ya ɓata wa kowa riga. 'Ya'yan Zoraida da ba sa ɗaga kai daga waya sai ga su manne da taga, domin wayar ta daina kamawa. Kawu ya ja garmahonsa, muka yi ta waƙoƙin da Papi yake so, kowa da muryarsa, babu mai daɗi a ciki. Mami ba ta yi waƙa ba. Ta rufe ido tana faɗin inda muke tun kafin mu iso, nan gonar kofin su wane, nan inda saniya ta taɓa tare hanya, kuma ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba.

Osvaldo ne bai ji daɗi ba. Yana shiga kwana shiru kamar ɓarawo, har sai da wata motar ayaba ta kusa kwashe mana madubi. Kawu ya ce masa, surukina, a nan oda ake dannawa kafin kowace kwana, ba bayan an mutu ba. Ya ce a inda ya fito danna oda rashin ladabi ne. Kawu ya ce to a nan ma'abota ladabi duk suna kwance a ƙasan kwari. Daga nan ya fara dannawa, amma a kunyace, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.

Sai muka iso kwanar ƙarshe, ta gindin mangwaro. Ban san yadda aka yi dukanmu muka manta da ita ba, mu da aka haifa a wurin. Shekara da shekaru muna zuwa da ƙananan motoci, su kuwa suna lanƙwasawa su wuce. Doguwar mota ba ta taɓa shan kwanar nan da gaba ba. Ka fi ni sani: Papi yakan cusa hancinta a ɗan lungun nan na gindin bishiya, ya sa ribas, ya hau sauran tudun da baya har ƙofar gida, idonsa a madubi, dutse a hannun dama, kwari a hagu. Osvaldo ya tunkare ta kai tsaye, motar ta gicciye a hanya, gaba ya daki gefen dutse, tayar baya kuma saura kaɗan ta leƙa kwari. Garmaho ya yi shiru. Muka sauke yara ɗaya bayan ɗaya, maza suka sa duwatsu a bayan tayoyi, da ƙyar aka daidaita ta.

Kawu ya yi masa bayanin yadda ake yi. Osvaldo ya leƙa tudun, ya leƙa kwarin, ya goge zufa, ya ce ko za a yanka shi ba zai hau wurin nan da baya da ran mutum goma sha huɗu a hannunsa ba. Ban ga laifinsa ba, kuma na girmama shi da ya faɗi gaskiya. Kawu ma, da duk surutunsa, da aka ce to shi ya karɓa, sai ya tuna cewa wuyansa ba ya juyawa. Samari suka ce za su ɗauki Mami a kan kujera su haura da ita. Ta ce ita ba buhun kofi ba ce, kuma ranar da za a ɗauke ta a kafaɗa tana nan zuwa, kada su yi mata gaggawa. Muka ce to a nemo ƙaramar mota daga maƙwabta. Ta ce ta faɗa tun a Arecibo, ba ta maimaita magana. Mutum biyu ne a duniya suke kai doguwar mota ƙofar gidanta, ɗaya yana kwance a maƙabarta.

Daga wurin ana hango gefen rufin gidan ta tsakanin itatuwa. Ta kama hannuna ta ce in nuna mata saitin, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko kwanon yana nan da jan fentinsa. Na ce ja ne, Mami. Tsatsa ma ai ja ce. Efraín, ban taɓa jin kewarka irin ta wannan lokacin ba. Na ji haushinka, na ji tausayinka, na kuma so in juya in gan ka kana naɗe hannun riga kana ce wa Osvaldo ya matsa.

Muna shirin juyawa sai ta miƙe daga kujerarta, ta zura hannu ta kan kafaɗar Osvaldo, ta laluba sitiyari, ta danna oda. Gajeru biyu, doguwa ɗaya, irin ta Papi idan ya iso mangwaro, wadda ke nufin a ɗora kofi. Ƙarar ta bi kwarin ta dawo. Ta koma ta zauna ta ce kada kowa ya tayar da mota. Ba mu san abin da muke jira ba, amma muka jira. Can sai ga Doña Tomasa, maƙwabciyarmu ta gidan sama, tana gangarowa da sanda a hannu ɗaya, butar kofi a ɗaya, ta tsufa har ta ranƙwafa. Ba ta kalli kowa ba, tagar direba ta nufa, tana kiran sunanka tun daga nesa, tana cewa ɗan banza, sai yau ka tuna da mu? Ta leƙa ta ga Osvaldo. Ta leƙa kujerar gefe ta ga babu kowa. Sai ta juya ga Mami ta ce, Monse, ina yaron yake? Mami ta ce mata yana hanya.

A bakin hanya muka sha kofin nan, muka ci shinkafarmu a gindin mangwaro. Tsofaffin biyu suka zauna a ƙofar motar hannu cikin hannu suna lissafa waɗanda suka mutu. Wasu daga cikin yaran suka haura da ƙafa suka ɗauko hotunan gidan, suka kawo mata, ta ce su mayar da abinsu aljihu, ba hoto ta zo gani ba. Muka gangaro kafin rana ta faɗi, babu mai waƙa.

Na san abin da ya riƙe ka. Na tuna ranar da guguwa ta wuce, muka tarar zaftarewar ƙasa ta binne bas ɗin da Papi ya bar maka, ka tsaya a kan laka ka rantse ba za ka sake taka tsibirin nan ba sai da kuɗin wata a hannunka. Ana neman shekara tara ke nan. Na san rayuwa a can ba ta zo maka yadda ka zata ba, kuma na san za ka ce kayan aro ba ya rufe katara. To ni yayarka ce, zan faɗa maka ko ba ka so: babu wanda yake jiran motarka. Tsohuwar nan ba ta tambayi wa ke da motar da muka hau ba, hannun da zai riƙe sitiyarin take nema. Zumunci a ƙafa yake, ƙanena, kuma motar haya ma tana kai mutum gida.

Na koma wurin masu motar na ce su ajiye mana ita ranar Sarakuna Uku. Matar ta tambaye ni wa zai tuƙa, na ba ta sunanka. Bayan bikin da kwana kaɗan jirgin Mami zai tashi, kuma ni da kai mun san ba za ta sake ganin dutsen nan ba, ko da ta dawo.

Ka gaishe mini da Yadira, ka ce ina godiya da rigar sanyin da ta aiko, ko da yake a nan sai dai in rataye ta ina kallo. Ka sumbaci Idalis, ka gaya mata tana da kaka da ke son ta ga fuskarta tun tana iya gani. Ramiro yana gaishe ka, Zoraida da Osvaldo ma haka, shi ya ce in gaya maka ya sallama. Kawu Anselmo ya ce idan ba ka zo ba zai hau kujerar, kome za ta yi masa ta yi. Mami ta ce ba ta da saƙo, sai dai Allah ya yi maka albarka, kuma tun da muka dawo kullum sai ta sa na duba mata ko kofin da ka fi so bai ƙare ba.

Ka san Mami, shekara tamanin da ɗoriya ba ta taɓa yi wa Doña Tomasa ƙarya ba. Ta ce mata kana hanya. Kada ka mayar da tsohuwa maƙaryaciya.

Taka yayarka mai kewarka,
Nereida