Na Rubuta Babu, Kina Ɗakin Baya

Rabi, matata,

Sallama gare ki a inda kike kwance. Na san wannan takarda ba za ta bar aljihuna ba, babu direban da zan ba ya kai miki ita. Ko kina raye ma sai kin ce in karanta miki da bakina, don kullum cewa kike rubutuna kamar kaji sun yi tono. Duk da haka zan rubuta, domin maganar ta cika mini ciki, kuma ke ce kika fi kowa haƙƙin jin ta.

Mutanen Gurbin Bore suna lafiya. Hafsatu da kika bari tana wata biyar yanzu tana zuwa makarantar allo, kuma bakinki ta ɗauko, ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Gero ya yi kyau bana, dawa ce ruwa ya ɗauke mata da wuri. Tun da aka ƙaddamar da shari'a an raba ƙaramin asibitinmu da labule, maza gefe mata gefe. Yayana ya samu aiki a kotu, rawaninsa ya ƙara tsawo. Ni ina nan inda kika bar ni, ina wanke gyambo ina ba da maganin zazzaɓi, mutane na ce mini likita, ke kuwa kin san iyakar likitancin nawa.

Ainihin labarin shi ne ƙanwarki Luba. An kawo ta aure nan garinmu bara, ta koma gidanku a Shinkafi haihuwar fari, ta samu namiji. Rabi, abin da ya same ki ya same ta. Ranar suna na shiga gaida Inna mahaifiyarku, na tarar da Luba zaune ta juya fuska ga bango, yaron na ta kuka a gefenta, ko waiwaye ba ta yi ba. An ce kwana huɗu ba ta runtsa ba, ba ta yarda ta ba shi nono. Inna ta ce gajiyar jego ce, za ta wuce. Haka aka ce a kanki, kalma ɗaya ba ta canza ba. Na fito, na san inda hanyar nan take kaiwa in aka yi shiru.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, ban gaya wa kowa ba. A shekarar da kike kwance, lokacin jiharmu tana sabuwa, takardu sun fara zuwa daga Gusau maimakon Sakkwato, aka aiko mana da wani fom. Wata ƙungiya ce za ta ba da tallafi saboda masu taɓin hankali a karkara. Za a ɗauki ma'aikacin lafiya na ƙauye a kai shi kwas, a ba asibitinsa magani, a koya masa bin gidaje yana duba marasa lafiyar da iyalinsu. Sharaɗin ɗaya ne: kowane ma'aikaci ya rubuto sunayen masu wannan lalura a yankinsa, don a kai abin inda aka fi bukata.

Kin san yadda na yi ƙidayar? Sai in tsaya a zaure in yi sallama, maigida ya fito, mu gaisa. In tambayi iyali, ya ce lafiya lau. In tambaya ko akwai mai taɓin hankali a gidan, ya nemi tsari da Allah, ni ma in taya shi nema, in yi godiya in wuce. A wani gida ina tsaye ina jin ƙarar marin ƙarfe a ƙafar ɗan maigidan ta bayan zana, amma muka dubi juna ni da uban kamar ba mu ji ba. Ban matsa wa kowa ba, saboda duk wanda na matsa wa zai tambaye ni nawa gidan. Ke kuwa kina ɗakin baya. Mun ja jegonki daga kwana arba'in har wata huɗu, duk matar da ta zo gaisuwa sai a ce mata kina hutawa. Yayana ya ce gidanmu gidan malamai ne, a rufa asiri, ya ce Hafsatu za ta girma, wa zai nemi ɗiyar da aka rubuta sunan uwarta a takardar mahaukata? Amma ba zan ɗora masa ba. Biron a hannuna yake. Na rubuta babu, na sa hannu, na hau babur na kai Zurmi. A hanyar dawowa na sayo miki tsire, ba ki ko kalle shi ba.

Gurbin kwas ɗin ya tafi Banga, wurin Malam Isiya, ma'aikacin lafiyar can, wanda muke yi wa dariya wai ba shi da kara. Shi ya cika shafinsa, har ya juya baya. Ke kuma kika daina cin abinci, daminar nan zazzaɓi ya zo ya tarar ba ki da ƙarfin da za ki ja da shi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, ba na musun addu'a kuma ba zan taɓa musu ba. Amma akwai ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, kuma ni na rufe ta.

Bayan shekara guda na haɗu da Isiya a Kaura Namoda ranar kasuwa. Ya nuna mini wata mata tana dama fura, goyo a bayanta, tana faɗa da mai nono a kan tsami. Ya ce irin ciwonki ta yi bayan haihuwa, har ta fi ki tsanani. Ƙananan ƙwayoyi ne ya riƙa ba ta, yana zuwa duba ta, yana zama da mijin yana nuna masa yadda zai bi da ita. Kafin wata biyu ta fito tsakar gida. Gani ya kori ji. Na taka har tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ranar jana'izarki ba. Da na rubuta sunanki, da kin tashi? Da yanzu ke ce ke yi wa Hafsatu kitso? Ban sani ba. Ajali gaskiya ne, na yarda. Amma ni ba a kan ajali za a tambaye ni ba, a kan abin da hannuna ya rubuta ne.

Bana fom ɗin ya sake zuwa, ana ƙarin mutane, kuma ya zo ne a makon da na dawo daga sunan ɗan Luba. Wannan karon ban tsaya a zaure ni kaɗai ba. Na ɗauki Gwaggo Asabe ungozoma, wadda ta yi miki wankan jego, ita da ba gidan da ke da shamaki gare ta. Ita ta shiga wurin mata, ni in zauna da maigida. Kafin in tambaye shi komai sai in fara ba shi labarinki, daga ranar da kika daina magana har ranar da aka ɗauke ki. Na tona asirinki a zaure fiye da ashirin, Rabi, ki yafe mini. Wasu sun tashi sun bar ni zaune. Wasu kuma, can sai su kira sunan ɗa ko ƙane ko uwa. Uban mai marin nan da kansa ya riƙe hannuna ya shigar da ni.

Sunan Luba na sa a layin farko, da yardar mijinta. Yaron kirki ne, ya fi ni zuciya. Da muka je Shinkafi ɗaukarta, Inna ta ce na kashe mata ɗiya ɗaya, yanzu zan tallata ta biyu a duniya. Rabin maganar gaskiya ce. Malam mahaifinku ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ɗaga labule da hannunsa ya ce a fito da ita. Muka kai ta wurin Isiya da rana tsaka, kowa na kallo. Har yau Inna ba ta amsa gaisuwata, yayana kuma ya daina cin tuwo tare da ni. Sunana ya fito cikin masu tafiya kwas, bayan girbi zan tafi. Ban yi murna ba, ban kuma san yadda ake yin ta a kan wannan ba.

Shekaranjiya na je duba Luba a ɗakin mijinta. Na same ta a bakin ƙofa tana ba yaron nono, tana korar masa ƙuda da gefen mayafi. Ta rame, amma idonta ya dawo. Muka gaisa, ta tambayi Hafsatu, ta ce tana jin yunwa kamar ta ci babu. Har na miƙe zan tafi sai ta kira ni. Ba da faɗa ba, a hankali, irin tambayar wanda yake son ya sani, ta ce tunda akwai wannan magani tun lokacin, me ya sa ban kai ki ba. Mijinta ya sunkuyar da kai, ni kuma na sa takalmina na fito. Gobe zan koma in gaya mata gaskiya, amma na ga bai dace ta riga ki ji ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanya ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. In kin yafe mini, ba zan sani ba sai mun haɗu.

Mijinki, baban Hafsatu,
Lawali