Za a Rushe Ɗakinki, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Innarmu ta gidan Sheshe. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce autarki Sa'adatu. Na san ba a aika wa mamaci takarda, kuma na san masu bibiyata a wannan shafi ne za su karanta, ba ke ba. Su karanta, amma da ke nake magana, don labarin naki ne. 'Ya'yanki sun zauna sun yanke shawara, da zarar damina ta ɗauke za a rushe ɗakinki.

Labarin ya same ni ne a mota, ina dawowa daga taro a Abuja. Irin tarukan nan ne da kike yi mini tsiya a kansu tun da na fara koyar da zanen gine-gine a jami'a, kina cewa, “Sa'a, an tafi shan shayin ke nan?” To, Inna, har yanzu ana shan shayin. Wannan karon a kan sauyin yanayi aka taru, da yadda birane za su jure wa zafi da ambaliya, da irin ginin da zai ɗore ba tare da ya cuci ƙasa ba. An yi shi a wani otal da aka gina da gilashi tun daga ƙasa har sama, janareta na ruri a baya, na'urar sanyaya ɗaki na kaɗawa har sai da na ƙudundune cikin mayafina. A nan muka yini muna kukan duniya ta yi zafi.

Da aka zo kaina, hoton ɗakinki na haska musu a jikin allo. Na nuna musu kaurin bangon, da rufin azara, da 'yar tagar nan ta sama da iska ke shigowa. Na gaya musu a tsakiyar bazara, lokacin da mutanen gidajen bulo ke fitowa da tabarmi ƙofar gida saboda zufa, mu a ɗakin nan muke barcin rana. Aka yi ta tafi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, kaina ya ɗan kumbura. Wani farfesa daga ƙasar waje ya tare ni wajen cin abinci, ya ce in ya zo Kano yana son ya ga ɗakin da idonsa. Na ce masa in sha Allahu. A ƙarshe aka karanta takardar bayan taro, aka yi kira da a koma ga ginin ƙasa, aka raba mana jaka da biro, kowa ya kama gabansa.

Kin fi kowa sanin ginin ƙasa ba ya zama da kansa. Ina tuna yadda kike tayar da gidan nan tsaye kowace shekara kafin ruwan farko. A kawo jar ƙasa a jibge a ƙofar gida, a zuba ciyawa, a kwaɓa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa har warinta ya cika lungu. Mu mata muna ɗebo ruwa, maza suna takawa, magina suna bisa soro suna yaɓe, ana gyara bakin indararo. Ke kuwa kina gindin murhu da tukunyar tuwon da za ta ciyar da kowa, idonki na kan katanga. In wani ya ce bana a ɗaga, ai bangon da sauransa, sai ki ce, “Ruwa bai san da sauransa ba, a hau.” A lokacin haushi nake ji, don kaina ne ke shan tulu.

Bayan rasuwarki an yi yaɓen sau ɗaya, cikin gunaguni. Sai bikin 'yar Yaya Kabiru ya taso. Kin san halin babban ɗanki, ba ya son a raina gidan ubansa. Ya ce surukai za su zo daga bayan gari, ba zai yiwu su tarar da katanga tana zubar da ƙasa ba. Ya kawo siminti aka shafe ginin gaba ɗaya, ciki da waje, aka buga fenti ruwan madara. Na yi magana, ya ce, “Haba Sa'a, kowa a lungun nan haka ya yi, mu kaɗai za a bari kamar 'yan ƙauye?” Kuma gaskiya ya faɗa, kowa haka ya yi. Ranar ɗaurin aure mutane sai sa masa albarka suke yi, wai ya raya gidan iyaye, ya hutar da mu wahalar yaɓe har abada. Don ƙauna ya yi, Inna, wannan ko a gaban wa zan shaida.

Sai dai bangon ƙasa yana shan ruwa ne ya fitar in rana ta buga shi. Siminti ya toshe masa wannan hanya. Ruwa ya riƙa shiga ta 'yan tsagogi, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna a ciki. Da yake fuskar bangon fes take, babu wanda ya sake tuna yaɓe ko ya hau soro ya duba. Ga shi kududdufin bayan gidanmu, wanda ke shanye ruwan unguwa, an cike shi da shara an yanka filaye an yi shaguna. Ruwan sama ma ya sauya hali. Sai ya yi ta jan rai ana roƙo, ranar da zai zo kuma ya juye na wata guda a yini ɗaya. Yanzu in an yi ruwa, lungunmu ne kududdufin.

Daga tasha ban wuce gidana ba, unguwarmu Sheshe na nufa. Na shiga ɗakinki, warin laima ya tare ni tun daga ƙofa. Na ƙwanƙwasa bango, na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wani ɓangare na simintin ya ɓamɓaro a hannuna, na tura yatsa a ƙasar da ke baya, ta nutse kamar a ƙullu. Bangon gabas ya yi ciki, gara ta cinye kan azarorin. Hoton da aka tafa wa a Abuja tsohon hoto ne. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na nemi Malam Ɗanlami magini, wanda ke jagorantar yaɓenmu, na tarar idonsa ya tafi, 'ya'yansa kuma adaidaita sahu suke ja, babu wanda ya gaji cokalinsa. Na tambayi azara a kasuwa, aka ce giginyar ma ina take. Na aika wa abokan taro saƙo da sababbin hotuna. Sun amsa da ladabi ƙwarai, sun jajanta, suka ce wannan misali ne mai muhimmanci, in rubuta maƙala a kai za a ba ni wuri a taro na gaba. Na ji kamar in jefar da wayar a kwata. Ba mugaye ba ne, Inna, iya abin da ke hannunsu ke nan, ni ma da wani ne ya aiko mini amsar da zan ba shi ke nan. Na daina sa rai wani zaman otal zai tsayar da katanga ko ɗaya a cikin ganuwar nan.

Da muka zauna a zaure ni da yayyena, na zo da hujjojina a shirye. Yaya Kabiru ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, “Ke ana tafa miki a Abuja, ni ne nake kwana da 'ya'ya a gindin bangon nan. In hadari ya haɗo, ba na runtsawa. In ya faɗo a kansu, wace maƙala za ki karanta mini?” Bai ɗaga murya ba. Duk karatun da na yi bayansa yake goyo, ba bayana ba. Ɗakin ba zai ga wata daminar ba, na fi shi sani.

Da za mu tashi ya riƙe ni da magana, ya ce tunda dai ni na karanci abin, kada a kai wa bare. In zana musu benen bulo da za a ɗora a wurin, mai ɗakuna da yawa, don iyali sun ƙaru, fili kuwa bai ƙaru ba.

Na karɓa, Inna. In ban zana ba wani zai zana, ya cusa jikokinki a akwatin da ko taga babu. Na yi iya yina, na buɗe wa iska hanya, na bar 'yar tsakar gida, amma na san zafin da za su sha a ciki, kuma da hannuna nake ja musu layinsa. Abin da ya tsayar da ni shi ne matakalar bene. Filin ƙarami ne, dole ta sami wuri, kuma daidai inda gadonki yake ta faɗo, inda muka kewaye ki ranar da kika cika. Na juya zanen gabas, na juya shi yamma, na goge na sake, ba ta zauna ko'ina ba sai nan. Yanzu haka zanen yana gabana a kan tebur, jibi Yaya zai zo karɓa.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya sanyaya shi. Ya ba ki gida a Aljanna wanda ba ya zuba, ba ya tsagewa. Mu kuma da muka rage a cikin garin nan, Allah Ya rufa mana asiri a sauran daminar nan, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Sa'adatu