Baban Roba

Maman Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara. Jirgin ruwanmu zai sauke mu ƙarshen wata. Murna nake, amma wallahi barci ya ƙi. Wancan zuwan, ina shiga Auta ya toshe kunne ya shige bayan labule, har na koma aiki bai dube ni ba. Kin ce mutum-mutumin robar da malamar masu galahanga ta ba ku aro yana koya masa gaisuwa. Don Allah ki roƙe ta a koya masa "Sannu da zuwa, Baba." Sau ɗaya ma ya ishe ni.

Naki,
Baban Auta

Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, amma ka samu wuri ka zauna.

Malama ta saita shi. Kullum yayarsa takan ajiye abin a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa, abin kuma ya ɗaga hannu ya jira Auta ya gaishe shi. Ranar da Auta ya fara faɗin gaisuwar, na saki ludayi na fashe da kuka.

Ashe aika-aika muka yi! Yanzu robar nan ce Baba. Abu ko gwiwata bai kai ba, kansa kamar tukunya! Takalmanka Auta yake jera masa, ruwa ma a kofinka. Na nuna masa hotonka na ce ga Baba, ya ture hannuna ya yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo. Malama ta ce da hotonka ya kamata mu fara, kuma gyaran ba na sati ɗaya ba ne.

Yayarsa ta ce mu ɓoye robar kafin ka iso. Ni tsoro nake ji. In na ɓoye, bakin da ya buɗe da ƙyar ya sake rufewa. In na bari, ka shigo gidanka ka ji ana kiran roba Baba. Yaya zan yi?

Taka,
Maman Auta

Maman Auta,

Ina gaisuwa. A ɗakin inji na karanta, inda babu mai jin kukana. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Kada ki taɓa masa abinsa. Yarona yana magana!

Tambayar mini malama yadda abin yake sassauta murya, in fara gwadawa tun daga nan. Ranar da na zo, kada kowa ya ce masa ga Baba. Zan zauna a ƙasa kusa da su, ya kira ni duk abin da ya ga dama.

Sai na zo,
Baban Auta