Albasa a Ragar Gabas, Takarda a Teburinka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwaleji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da 'yan kwamitin da ka naɗa ranar Litinin, Allah ya ba su ikon zama.

Sunana Hajara. Ina koyarwa a wata sakandare a Jega, kuma ni ce yayar Bashar, ɗalibinka na ajin ƙarshe, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon kwalejinka. Ban rubuta sunan kwalejin ba, domin daga tashar Jega har Maiyama babu wanda yake buƙatar a faɗa masa. Sau uku na zo ofishinka. Litinin aka ce kana mitin, Talata aka ce ka tafi Birnin Kebbi, yau Laraba aka ce ka dawo amma ka gaji. Na san bencin ƙofarka fiye da yadda na san kujerar ɗakina. Tunda ganinka ya gagara, ga abin da na zo da shi a fili. Wa'adin abin da na zo nema jibi Juma'a yake ƙarewa.

Na ɗaya, ƙungiyar. Ranka ya daɗe, ni ba ma'abociyar ƙwallo ba ce. An yi mini bayanin satar gida ya fi a ƙirga, har yau sai na ga an ɗaga tuta nake sanin an yi ta. Amma na bi kakar bana wasa bayan wasa saboda ƙanena, don haka zan iya ba ka labarinta, tunda ban taɓa ganinka a bakin fili ba. Ba a ci yaran nan a gida ba ko sau ɗaya. Wasan waje guda a bayan a-kori-kura suka je shi, saboda motar kwaleji ta kai ma'aikata ɗaurin aure, kuma suka dawo da canjaras. Kocinsu, Mista Bitrus, mutumin ƙasar Zuru, da hannunsa yake zana layin fili da tokar da yake roƙa wurin masu tuyar ƙosai. Ranar Lahadi daga coci yake wucewa atisaye da takalmin zuwa coci a ƙafarsa, in an kira la'asar kuma shi ne mai fara busa usur ya kora su masallaci. Da haka suka kai wasan ƙarshe na rukuni, na Asabar da ta wuce, a gida. Canjaras kawai suke buƙata su tsallaka zuwa zagaye na gaba.

Na biyu, filin. Wataƙila ba a sa wannan a takardun da aka miƙa maka ba, domin ba a taɓa rubuta shi ba. Filin ƙwallon nan gonakin mutanen unguwar da ke bayan katangarku ne. Iyayensu suka bayar, aka yi magana ta baka cewa in lokacin cire albasa ya zo za su riƙa shanya ta a nan ta sha iska kafin a kai ta rudu, wato rumbun ajiyarta, sai fa ranar da kwaleji ta aiko cewa tana da wasa. Yadda ake aikowa kuwa sananne ne. Malam Sanda, tsohon masinjanku, zai hau kekensa kwana uku kafin ranar, da goro a aljihu, ya sauka ƙofar mai unguwa, su gaisa, su tambayi juna ciwon gwiwa, sannan ya faɗi ranar. Bayan sallar magariba mai unguwa ya sanar a masallaci. Shi ke nan tsarin. Ba shi da lambar fayil, amma bai taɓa kuskure ba.

Bara Malam Sanda ya yi ritaya. Ofishinka ya ga zamani ya wuce keke da goro. Sai aka buga sanarwa da Turanci, aka manna ta a allon da ke cikin ginin mulki, aka kuma tura ta gurup ɗin ma'aikata na waya, inda na ji mutane da yawa sun ɗaga mata babban yatsa. Mai unguwa ba ya cikin gurup ɗin. Wayarsa ta kira ce da haska hanya. Wasannin baya duk kafin cire albasa aka yi su, shi ya sa ba a ga ramin ba sai da aka faɗa ciki.

Na uku, ranar Asabar. Yaran sun yi atisayen ƙarshe ranar Alhamis, fili fes. Juma'a da yamma manoma suka fara shigo da albasa ta ƙofar baya, mai gadi ya buɗe musu kamar kowace shekara, tunda babu wanda ya ce masa kada ya buɗe. Kafin hantsin Asabar, daga tsakiyar fili har cikin ragar gabas albasa ce, layi layi, kowane manomi ya kafa kara ya raba tasa da ta maƙwabcinsa.

Da ƙarfe goma ma'aikatanka suka zo kafa rumfa. Sun ga albasar. Suka kafa rumfar, suka jera kujeru suna fuskantarta, suka gwada lasifika, ɗaya biyu, ɗaya biyu. Wani a cikinsu ya kai magana sashen ayyuka, aka ce ta ofishin wasanni ce. Ofishin wasanni a kulle. 'Yan wasan suna ɗakin jarrabawar da aka sa musu a safiyar wasansu, koci kuma yana Jega yana tarbar baƙi, ƙungiyar da za a kara da ita. Ba wanda abin ya dama da ya ga filin sai biyu da rabi. Wasa ƙarfe huɗu. Masu albasar suna fadama suna cire sauran, sai da aka bi su a babur.

Na huɗu, mahaifinmu. A nan nake roƙon ka rage sauri. Baba manomin albasa ne a Jiga Makera. Shekara uku yana kallon ƙwallon Bashar a matsayin aikin wanda ba shi da gona. In Bashar ya dawo da targaɗe a yatsa, sai ya tambaye shi ko fartanya ce ta faɗo masa. Shekara uku ina tsakaninsu, in lallashi wannan in ba wancan haƙuri. Bana, wani mutumin Gumbin Kure ya tare shi a kasuwa ya tambaye shi ko shi ne uban yaron da ya kaɗe fenareti biyu. Baba ya kama hanyar gida. Bayan mako ɗaya ya kira ni ya ce in zo in ɗauke shi ranar Asabar, yana son ya ga abin da ake yi. Rigar sallarsa ya sa. Muka iso da wuri, ya zauna a layin gaba, ya dubi filin da kyau, ya tambaye ni ko baje kolin amfanin gona aka fara yi tukuna. Ya kuma yaba albasar. Ya ce mai ta gefen raga ya iya ban ruwa.

Da ɗalibai suka gane halin da ake ciki, sai suka kwaso shebur da manjagara da baro daga sito. Da an bar su, rabin awa ta isa. Baba ne ya miƙe ya shiga gabansu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku aje shebur, wagga ba tsakuwa ta ba." Ya ce albasar da ta ƙuje ba ta ganin damina, a rudu take ruɓewa ta ruɓar da na kusa da ita, kuma in aka cakuɗa ta wannan da ta wancan, rigimar sai ta kai jikoki. Wani ɗalibi ya ce masa, Baba, ɗanka fa za a kora daga gasar. Baba ya ce ya ji. Ya naɗe rigar sallarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya fara tsinta da hannu.

Haka aka kwashe ta, ranka ya daɗe. Kwando kwando, kowane kashi daban. Bashar da safar golansa a hannu. Mista Bitrus da kwando a ka. 'Yan kallon da suka taso daga Aliero da Maiyama suka bar ganguna suka shiga layi. Baƙin ma, bayan sun gama dariya da ɗaukar hoto, suka tuɓe takalma suka kama mana, kyaftin ɗinsu yana cewa ko a gidansu ba a taɓa sa shi aiki haka ba. Ni ma na tsinta, har yau zoben hannuna yana wari. Kujerarka mai hannu tana tsakiyar rumfa da sunan muƙaminka a jiki. Ita kaɗai ce ba ta taɓa albasa ba.

Alƙalin wasa ya ba da rabin awa kamar yadda doka ta ce, ya ƙara minti goma sha biyar daga kirkinsa. Biyar saura kwata ya busa usur, ya rubuta cewa masu gida ba su samar da fili ba, aka ba baƙi maki uku. Kwandon ƙarshe ya fita biyar saura minti biyar. Na duba agogo. Minti goma ne tsakani. Filin ya zama fes, layin tokar Mista Bitrus na nan, ba wanda ya taɓa ƙwallo.

Tun daga ranar Baba bai fita majalisa ba. Ya lissafa mintunan nan goma, ya lissafa shebur ɗin da ya hana, ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ya hana ɗansa wasa. Na gaya masa ba haka ba ne, bai saurare ni ba, don a wurinsa har yanzu ni ce yarinyar da ya kai firamare a keke. Bashar kuma, ba fushi ba daɗi, kullum da yamma yana zuwa filin shi kaɗai ya tsaya a raga. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Ni kuma ina shiga aji in fara darasi, in tsinci kaina ina ƙirga kwanaki a allo.

Na biyar, takardar. Dokar gasar ta ba da kwana bakwai a ɗaukaka ƙara. In shugaban makaranta ya sa hannu cewa rashin filin daga ofis ya fito, ba ƙin buga wasa 'yan wasa suka yi ba, ana iya sake sa ranar. Kocin baƙi ya rubuta cewa sun yarda su dawo. Mista Bitrus ya shirya takardar tun Lahadi, shafi ɗaya ce, tana teburinka tun safiyar Litinin. A maimakon sa hannu ka naɗa kwamitin mutum bakwai ya binciki musabbabin shigar albasa harabar kwaleji, ya kawo rahoto cikin mako uku. Ina girmama bincike, ni ma na yi shi a jami'a. Amma na riga na ba su amsar a lamba ta biyu, kyauta. Albasa ba da ƙafarta ta shigo ba, kuma ba Mista Bitrus ya kira ta ba, ko da yake na ji shi aka fara ba takardar tuhuma.

Na fahimci abin da ke da nauyi a takardar. Akwai jimla ɗaya a cikinta da take cewa ofis ya yi kuskure. Jimlar gaskiya ce, kuma duk wanda ya tsinci albasa ranar Asabar ya riga ya san ta. Ba asiri za ka tona ba.

Don haka ga roƙona. Ka sa hannu kafin a tashi ofis ranar Juma'a, ka kuma tuna ranar Juma'a da wuri ake tashi. Ka janye tuhumar da aka yi wa koci. Ka sa a rubuta tsarin Malam Sanda a wani wuri da wanda zai gaje ka zai gani, a kuma ɗora wa mutum ɗaya mai suna alhakin zuwa ƙofar mai unguwa. In an sake sa wasan, ka zo ka zauna a kujerar nan. Ba sai ka san satar gida ba, ni ma ban sani ba.

Batun fili kada ya dame ka. Jiya Baba ya fita karon farko. Ya hau motar haya shi kaɗai, ya sayi goro, ya je ƙofar mai unguwa, suka gaisa, suka tambayi juna ciwon gwiwa. Mai unguwa ya sanar bayan magariba cewa duk Asabar ɗin da ke tafe ba mai shanya ko ƙwaya ɗaya har sai yaran nan sun buga wasansu. Manoman da aka ce su suka jawo abin sun gama nasu aikin a yini guda. Rigar sallar kuma an wanke ta, Baba ya hana a mayar da ita akwati. Tana rataye a ƙusa. Kullum da safe yana kirana ya tambaya ko an sa hannu, kuma na gaji da ce masa kana mitin.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon kwana, ya sa ka gama mulkinka lafiya, ya kare kwalejin nan da duk wanda ke cin abinci a cikinta da bayan katangarta. Ya kuma sauƙaƙa maka abin da ya yi maka nauyi.

Na bar biro wurin sakatarenka. Shuɗi ne, na gwada shi, yana rubutu. Gobe da safe ina kan bencin.

Wassalam.

Hajara, yayar mai tsaron gida,
Jega.