Kwana Ɗari a Bayan Jar Takarda

Dutsen Zhongnan,
28 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Meifen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya gwiwar taki?

Kin tambayi labarin Baoshan, mijin nan nawa mai taurin kai. Yau kwanansa arba'in a halwa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana yanka tikiti a tashar jirgin ƙasa, bakinsa bai taɓa hutawa ba, shi ne ya yi alkawarin kwana ɗari ba magana. Malam Dinghai, tsohon da muka hawo karatu wurinsa, ya rufe shi a ɗakin dutse, ya manna jar takarda mai hatimi a kan ƙofar. Ni ke kai abinci sau ɗaya da hantsi, kunun gero da alkubus. In tura ta 'yar taga, in ɗauko kwanon jiya. Ba leƙe, ba kira.

Ni ma ina nawa karatun. Da safe maganar Buda, wai riƙo ne tushen wahala. Da yamma littafin Dao, wato Hanya, wai a bar kowane abu ya bi hanyarsa kamar ruwa. Na ce wa Malam ni da na bar abubuwa sun bi hanyarsu da yanzu ba rufi a gidanmu. Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ƙirga numfashinki, sarkin surutu."

Abu ɗaya ke damuna, tarin nan da ya sa aka kwantar da shi a asibiti bara ya dawo. Ina jin sa ta bango.

Ki gaida kowa. Taki ƙanwa,
Shulan.

17 ga Oktoba.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Tun makon jiya kwanon ke dawowa da rabin kunu. Shekaranjiya ya dawo yadda na tura shi. Jiya ma haka, yau ma haka. Tarin kuma ya ɗauke ɗif. Da, in na ji shi sai gabana ya faɗi; yanzu nema nake in ji shi.

Na je wurin Malam da gudu. Yana ta faskare, ko juyowa bai yi ba. Ya ce albishir ne, wai idan zama ya yi nisa mutum yakan kwana bakwai bai motsa ba, kuma wanda aka fizgo daga irin wannan zaman hankalinsa na iya taɓuwa. Na ce, "Malam, gawa ma ai ba ta motsi." Ya ce, "Wannan tsoron naki shi ne riƙon da nake gaya miki. Saki."

Na gwada, Yaya. Na zauna na ƙirga numfashi, ban taɓa wuce huɗu ba. Saura kwana goma. In na buɗe, na rusa masa abin da ya fi so a duniya. In ban buɗe ba, ban san me zan tarar ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Taki,
Shulan.

21 ga Oktoba.

Yaya Meifen,

Gaisuwa da fatan alheri. Yana da rai, ki fara jin wannan.

Washegarin wasiƙar can na yaga takardar da hannuna, na banke ƙofar. Yana zaune a kan tabarma, ƙafa a harɗe, ya rame har wuyansa ya koma kamar na kaza. Kusa da gwiwarsa ga tsumma duk jini, ashe da shi yake toshe baki don kada in ji. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Abin da ya ce kawai, "Kwana tara suka rage, Shulan."

Daga baya Malam ya ce akwai 'yar ƙararrawar tagulla da ake kaɗawa sau uku a bakin taga, mai halwa ya ƙwanƙwasa daga ciki, halwa ba ta karye ba. Na ce me ya hana shi gaya min? Wai ban tambaya ba, kuka kawai na kawo masa.

Na durƙusa na roƙi Baoshan mu sauka asibiti. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce ƙa'ida ce, in takarda ta yage sai a faro daga ɗaya. Jiya Malam ya sake rufe shi. Ki lissafa, kwana ɗarin za su kai ƙarshen Janairu, kuma nan da wata guda dusar ƙanƙara za ta toshe hanyar sauka. Wannan karon an ƙara da kwaɗo, makullin na wuyan Malam.

Ɗazu na tura kunu, na ji yana tari a cikin tsumma.

Ki aiko min da babban bargo ta hannun masu hawo da gawayi, kafin hanya ta rufe. Ki naɗe gudumar Baba a ciki, kada kowa ya gani.

Ki gaida mutanen gida. Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shulan.